Shin yadda aka karɓi baƙo yana shafar lafiyarsa?

Ma'aikaciyar jinya, Gombe:
Assalamu alaikum. Ina aiki a wani asibitin sha-ka-tafi a cikin garin Gombe, kuma tun wajajen 2014 muke duba mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga Gwoza da Damboa da sauran sassan Borno. Abin da na lura da shi shi ne, waɗanda suka samu gona ko sana'a har suka saje da mutanen unguwa ba su cika zuwa mana da hawan jini da rashin barci ba, kamar waɗanda har yau suke raɓe a kangon mutane. Shin dace ne kawai, ko kuwa tsarin da hukuma take bi wajen karɓar baƙi yana da hannu a ciki?

Malamin jami'a, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Malama. Ba dace ba ne, domin an ga haka a ƙasashe da dama. A 2012 gwamnatin Sifaniya ta janye wa baƙin da ba su da takardun zama damar zuwa asibiti kyauta, in ban da ciwon gaggawa da masu juna biyu da ƙananan yara, kuma sai a 2018 aka dawo musu da ita. Mai ciwon suga da aka hana ganin likita ba warkewa yake yi ba, yakan jira ne har ciwon ya ci ƙarfinsa, sannan a kwaso shi ranga-ranga, jinyar ta fi tsada. A Jamus ma, mai neman mafaka yana da iyaka kan irin maganin da za a yi masa a farkon zuwansa, kuma a 2024 aka tsawaita wannan wa'adi daga wata 18 zuwa 36. Uganda kuwa ta bi wata hanya, inda dokarta ta 2006 ta ba 'yan gudun hijira damar aiki da walwala, ana kuma yanka musu filin noma. A ganina, wannan ya fi kusa da abin da kika gani.

Ɗan Gombe mazaunin Ingila:
Malam ya yi gaskiya, amma a ƙara da tsoro. Mu masu biza muna biyan kuɗin kiwon lafiya, wanda aka fara karɓa a 2015, yanzu kuma ya kai fam 1,035 a shekara ga baligi. Wanda takardunsa suka ƙare kuwa, gudun asibiti yake yi ko da yana tarin jini, don yana zaton za a miƙa sunansa ga jami'an shige da fice.

Tsohon ma'aikacin gwamnati, Gombe:
'Yata, mu dawo gida. Waɗannan bayin Allah 'yan Najeriya ne, ba wanda ya hana su asibiti a takarda, amma da zarar an zo maganar ɗaukar aiki ko tallafin karatu sai a nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, alhali wasu ko katin shaida ba su fito da shi ba ranar da suka gudu. Sannan akwai tsofaffin matan da Hausarsu ba ta nuna ba, waɗanda sai jika ya yi musu tafinta, kuma kin san ba kowace lalura mace za ta faɗa a gaban jikanta ba.

Ma'aikaciyar jinya, Gombe:
Na gode, Baba. Wannan ta tafinta ta taɓa ni, domin makon jiya ma yaro ɗan shekara goma ne ya tsaya tsakanina da kakarsa. Zan nemi shugabarmu ta samo mana mace mai jin Kanuri ko Margi a ranakun awo.