Tambaya kan kangon gidan bishop na St Davids: mi ya kada shi?

Dan_Tawa84:
Salamu alaikum jama'a. Ɗan yayana da ke karatu Birtaniya ya turo mini hotuna ta WhatsApp na wani tsohon gini a St Davids, ƙasar Wales, ya ce gidan bishop ne, wato babban limamin kiristoci, na zamanin da. Wallahi tun jiya nike ta kallonsu. Bango na dutse ƙato, ga wata taga mai kama da ƙafar amalanke can sama, amma ba rufi ko kaɗan, ciyawa ce ta fito tsakar zauren. Abin da ya ɗaure mini kai, ya za a yi ginin dutse ya zama kango alhali masallacin Agadas na laka tun 1515 yana nan ana salla ciki? Yaƙi aka yi ko gobara? Masana tarihi ku taimaka don Allah.

MalamIsa_Yamai:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba yaƙi ba ne, ba gobara ba. Bari in faro maka daga tushe. Wurin nan wurin ziyara ne na kiristoci saboda waliyinsu Dauda (St David, wanda garin ya ci sunansa) da ya kafa gidan ibada nan a ƙarni na 6, har ana cewa ziyara biyu can daidai take da zuwa Roma sau guda, to ka san inda maziyarta suka yi yawa kuɗi na shiga. Bishop ɗin lokacin kamar sarki yake, yana da gonaki da masu biya mai haraji. Wanda ya yi mafi yawan ginin da ka gani shi ne Henry de Gower, ya riƙe kujerar daga 1328 zuwa 1347, shi ya gina babban zauren baƙi da tagar nan da ta burge ka, kuma in ka zuma hoton ka dubi saman bango za ka ga an jera duwatsu masu launi daban-daban kamar gidan dara.

Matsala ta taso bayan sarkin Ingila Henry na 8 ya raba gari da Paparoma a 1534. Aka naɗa William Barlow bishop a 1536, shi kuwa bai yarda da ziyarar kaburbura ba sam, so yake ma ya maida hedikwatar bishop ɗin wani gari, Carmarthen. Shi ne ake ɗora wa alhakin kware darmar da aka rufe babban zauren da ita. Daga baya bishop-bishop ɗin suka koma zama Abergwili kusa da Carmarthen, gida ya rage ba mai shi.

Hajiya_Rabi:
Malam ni na taɓa jin wai saida darmar ya yi don ya yi wa ɗiyansa mata biyar kayan ɗaki, gaskiya ne? In haka ne abin ya yi mini ciwo, gidan al'umma ne fa, ba gadon ubansa ba.

MalamIsa_Yamai:
Hajiya ana faɗin haka ƙwarai, kuma gaskiya ne yana da ɗiya mata biyar, dukansu sun auri mutanen da suka riƙe muƙamin bishop. Amma ni ban ɗauki zancen kayan ɗakin da ƙarfi ba, don ya bar St Davids tun 1548, lokacin yaran ba su kai aure ba.

Magini_Abdu:
Ranka ya daɗe Malam, ni ban yi lakkwal mai nisa ba amma nan an shigo sana'ata. Dan_Tawa, kar dutse ya ruɗe ka, gini daga kai yake mutuwa. Ka cire rufi, ruwa ya zauna kan katako ya ruɓe, ya bi tsakanin duwatsu yana cin abin da ya haɗa su, can kuma ƙasar ruwa ce kusan kullum, ba kamar mu da damina wata uku zuwa huɗu ba. Gidan kakanmu nan Tawa haka ya tahi ina ji ina gani, tsoho ya rasu kowa ya watse wasu Yamai wasu Abijan, indararo guda ɗaya ya karye ba wanda ya gyara, damina ta farko bango ya jiƙe ya yi ciki, ta biyu azara ta sauko kan gadon da aka haife ni. Gyaran da bai wuce jikka biyar ba a lokacin. Har yau in na bi ta layin sai in kauda kai. Masallacin Agadas da kake magana, itatuwan nan da suka fito jikin hasumiyar ai su magina ke takawa su hau su yi yaɓe, an ma sake gina ta a 1844, hannu bai taɓa barinta ba.

Dan_Tawa84:
Allah sarki, Allah ya jiƙan tsoho, Abdu. Na gode ƙwarai Malam. To yanzu wa ke kula da wurin, ko an bar shi haka nan?

MalamIsa_Yamai:
Hukumar kayan tarihi ta Wales, Cadw, ita ke riƙe da shi, ana biyan kuɗi a shiga. Ba su maida rufin ba, suna dai tsare bangon kar ya ƙara zubewa. Ka ce wa ɗan naka in ya koma ya sauka ɗakunan ajiya na ƙasa ya ɗauko mana hoto, su da yake rufinsu na dutse ne har yanzu suna nan.