Abin da aka cim ma a muhawarar manyan ƙasashe

An yi muhawara kan ƙarfin manyan ƙasashe da yadda sauran ƙasashe za su yi hulɗa da su. Na bi zancen har ƙarshe, ga abin da na tsinta.

1. Kusan kowa ya yarda bindiga tana da iyaka. Amurka ta shekara 20 a Afganistan, ta fice a 2021, Taliban ta dawo mulki. An kuma tuna ficewar sojojin Faransa daga Nijar a ƙarshen 2023, na Amurka a 2024.

2. Kada ƙasa ta rataya ga ubangida ɗaya, ta yi hulɗa da kowa.

3. An rabu kan Majalisar Ɗinkin Duniya. Wasu sun ce nan ne kaɗai marar ƙarfi ke samun bakin magana. Wasu suka ce muddin ƙasashe biyar na hawa kujerar na-ƙi, aikin banza ne. Ni ina tare da na farkon.