Daga Damagaram zuwa Jidda: awa nawa ake yi a hanya?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Mahaifiyata za ta Umra, kuma tana fama da ciwon gwiwa. Iyayena da yayyena da suka taɓa zuwa, ku taimaka mini da tsawon tafiyar tun daga ƙofar gida.

Alhajin Zengo: Wa alaikumus salam, ɗana. Zaman jirgi mai sauƙi ne. Yamai zuwa Jidda wajen kilomita 4,000 ne, idan jirgi bai tsaya ko'ina ba awa 5 da rabi zuwa 6 ya kai ku. Gajiyar tana tsakanin nan da Yamai, kusan kilomita 900 a mota. Ku tashi da asuba, ku bi Tasawa, Maradi, Birnin Konni, Dogon Dutsi, Doso, sai dare ku sauka, ƙafa ta kumbura ta ƙi shiga takalmi. Abin da ke ci mini rai, duk wannan tafiya yamma ka nufa, alhali Makka tana gabas. Daga Damagaram zuwa Jidda a miƙe bai fi kilomita 3,300 ba. Ka sha wuya ka ƙara wa kanka nisa, sannan jirgi ya juyo da kai gabas. Da akwai jirgin da ke zirga-zirga tsakanin filin jirginmu da can, da tsofaffinmu sun huta.

Hajiya ta Garin Malam: Ni ta Addis Ababa muka bi. Jiran da muka yi a filin jirgin can ya fi tafiyar kanta gajiyar da ni, ga sanyi, ni kuwa ba ko bargo. Ka sa wa Inna mayafi mai kauri da maganinta a jakar hannu, kar ka bari su tafi cikin manyan kaya. Ka nema mata keken turawa tun wurin yankar tikiti. Sannan ka lura, agogon Saudiyya ya riga namu da awa 2, lokacin saukar da ke jikin tikiti kuma nasu ne.

Ɗan kasuwar Dole: Yaya, ka duba hanyar Kano. Ta Magarya wajen kilomita 240 ce, da safe ka tashi, ka yi azahar can in iyaka ba ta riƙe ka ba. Kano zuwa Jidda wajen kilomita 3,400. Sai dai bayan da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu, jirage suka koma zagaye. Namu ya daɗe a sama fiye da yadda muka saba, don haka ka tambayi masu yanka muku tikiti ta ina jirgin zai bi.

Alhajin Zengo: Idan ta Yamai kuka zaɓa, ku isa da kwana biyu kafin ranar tashi, ta samu ta miƙe ƙafa. Kai kuma ka ɗaura haraminka tun a ƙasa in Jidda za ku sauka, ban-ɗakin jirgi ba ya ɗaukar wannan aiki. Allah ya karɓi ibada.