Neman shawara: ina so in zurfafa karatu kan cutar mantuwa ta tsofaffi, ta ina ake farawa?

Ummi_Nas (Ƙofar Marusa)

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nike nema wajen waɗanda suka san harkar jami'a da bincike. Ni nas ce, ina da digiri na farko a aikin jinya, ina aiki a wani asibiti nan cikin Katsina. Abin da ya tsaya mani a rai tsofaffin da ake kawo mana ne, hawan jini ko suga ne ya kawo su amma da ka ɗan zauna da su sai ka ga akwai wani abu bayan wannan, tsoho ya tambaye ka an yi la'asar ka ba shi amsa kafin ka juya ya sake tambaya, wani bai gane ɗan cikinshi, dare ya yi ya miƙe ya ce shi gona za shi. 'Yan uwa su ce ai gigin tsufa ne, mu ma mu sallame su da maganin hawan jini shi ke nan, da wuya ka ga an rubuta cutar mantuwa a kati.

To na fara karance-karance sai na ga a ƙasashen Turawa akwai waɗanda duk aikinsu na rayuwa a kan wannan ne, wasu daga nas suka fara, wasu daga aikin gidan kula da tsofaffi, har suka kai farfesa. Ta ina ake farawa? Kuma akwai amfani mutum ya karanci binciken gidajen kula da tsofaffi alhali mu nan ba al'adarmu ba ce? Maigidana ya goya mani baya amma ya ce kar in je in yo karatun da zan dawo in rasa inda zan yi aiki da shi.

Bakatsine_a_Ingila

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wallahi na ji daɗin ganin wannan tambaya daga gida, don a fannin nike aiki a wata jami'a nan Ingila. Hanyar ba ɓoyayya ba ce amma tana da tsawo. Digiri na biyu, sai ki samu wani babba mai bincike ki zama mataimakiyarshi kina tara mashi bayanai, sai digirin dakta shekara 3 zuwa 4, bayan nan kuma aikin kwantiragi na shekara biyu ko uku wanda in kuɗin binciken ya ƙare aikin ma ya ƙare, sai an sake nemo wani tallafin. Wannan matakin ne ke karya ma mutane gwiwa, gara ki sani tun yanzu. Wanda ya jure ya yi ta wallafa sakamakon bincikenshi shi ke zama lakcara har ya kai farfesa.

Jami'ar Stirling ta Sikotland tana da cibiyar cutar mantuwa tun 1989, kuma suna da digiri na biyu da ake iya yi ta intanet. Sai jami'ar Bradford, inda Tom Kitwood ya yi aiki har ya rasu a 1998. Shi ne ya dage cewa babban ɓangare na wahalar mai wannan cuta ba daga ƙwaƙwalwa yake ba, daga yadda ake mu'amala da shi ne, a yi magana a kanshi yana zaune kamar ba ya nan, a yi mashi komai da gaggawa, a maida shi yaro. Shi da abokan aikinshi suka fito da wata hanya, mai bincike ya zauna a falon gidan tsofaffi yana lura, duk bayan minti 5 ya rubuta mi tsohon ke yi kuma wane hali yake ciki. Na yi irin wannan zaman, abin da za ki gani zai taɓa maki zuciya, tsohuwa ta wuni ba wanda ya kira sunanta sai lokacin ba da magani.

Dalilin da ya sa binciken nan ya karkata ga gidajen kula da tsofaffi shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na mazauna gidajen a Birtaniya suna da cutar ko matsalar mantuwa mai tsanani. Kuma binciken ya canza abubuwa. A 2009 Farfesa Sube Banerjee ya rubuta ma gwamnati rahoto cewa kusan mutum 180,000 masu cutar ake ba magungunan taɓin hankali don a kwantar da su, kaɗan ne ke amfana, kuma maganin na jawo ƙarin mutuwar kimanin mutum 1,800 a shekara. Daga baya aka yi wani gwaji mai suna WHELD a gidaje 69, aka wallafa a 2018, aka ga in an koya ma ma'aikata su san tarihin tsohon da abin da yake so, su riƙa zama ana hira da shi, tada hankalin na raguwa. Ki duba ki gani, wannan darasin bai buƙatar gini na musamman, a tsakar gidanmu ma zai yi aiki.

Kuɗin karatu kuma akwai Commonwealth, suna ma da na karatu daga gida, akwai Chevening na digiri na biyu amma sai kina da shekara biyu na aiki kuma dole ki dawo gida bayan kin gama.

Baba Malam (Ƙofar Soro)

'Yata Allah Ya yi maki albarka. Ni dai inda na ɗan ja baya maganar gidan tsofaffin nan ce. Allah Ya faɗa a Suratul Isra'i, in ɗayansu ko duka biyun suka tsufa a wurinka kar ka ce masu ko uf. A wurinka Ya ce. Ban so a wayi gari a Katsina ɗa ya kai uwarshi wani gida ya biya kuɗi ya juya baya.

Amma ita cutar ba baƙuwa ba ce, tana nan a Suratun Nahli aya ta 70, wanda ake mayarwa ga mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, kuma Annabi SAW ya nemi tsari daga kaiwa wannan hali. Mutane na zuwa su tambaye ni tsohonmu yana sallar azahar raka'a bakwai ko ya manta da alwala, ya za mu yi, in ce masu wanda hankalinshi ya gushe an ɗauke mashi alƙalami, ku bar tsangwamarshi. In karatunki zai taimaki masu jinya a cikin gidajensu to ki je ki yo shi, muna maki addu'a.

Maman Khairat

Baba Malam Allah Ya ƙara lafiya, gaskiya ka faɗa, amma don Allah a riƙa tuna wa ke yin jinyar. Ni surukata na riƙe har Allah Ya karɓi abinShi, Allah Ya jiƙanta mutuniyar kirki ce kafin ciwon. 'Ya'yanta maza suna kawo kuɗi suna zuwa gaisuwa ran Juma'a amma wanka da wanki da kashi da fitsari da rashin barci duk ni ce, ga yara ga girki. Ta ɓoye kuɗinta ƙarƙashin katifa ta manta ta ce ni na sace, a gaban baƙi, kuma dangi wasu su yarda don in suka zo sai ta yi ta hira lafiya lau ta tuno abin da ya faru tun tana amarya, su ce ai Hajiya garau take. Da magariba ta yi abin ke tashi, ta ɗaure kayanta ta ce za ta gidansu, iyayenta na jiranta, iyayen da suka rasu tun kafin a haife ni. Ranar da ta fice ba mu sani ba sai wani mai a daidaita sahu ya maido ta, daga nan muka fara sa kwaɗo a ƙofar zaure kuma har yau abin na damuna don kuka take in ta ga ƙofa a rufe. An kai ta wajen ruƙiyya, an yi hayaƙi, wata maƙwabciya har ta fara cewa maita ce. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ga yadda yake tafiya, ga abin da za ki yi in ta fara.

Sista Ummi ni ban ce a gina gidan tsofaffi ba, amma da akwai inda zan kai ta da safe in ɗauko ta da yamma ko sau ɗaya a sati, ko wata nas ta riƙa leƙo mu, da na samu sa'ida. Irinmu muna da yawa a garin nan, ba mai tambayarmu.

Dakta_A (Zariya)

Sista, ni likita ne ɓangaren ƙwaƙwalwa, kuma shawarata kar ki ɗauka sai kin ƙetare teku. Najeriya na da tarihi a fannin nan. Tun 1992 aka fara binciken haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da Indianapolis ta Amurka, su marigayi Farfesa Osuntokun da Farfesa Ogunniyi da Hugh Hendrie, suka bi tsofaffin Yarbawa da baƙaƙen fatar Amurka shekara da shekaru, suka ga cutar ta fi ƙaranci a Ibadan, sakamakon da duniya ke ambato har yanzu. A asibitin koyarwa na Ibadan ɗin kuma aka buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi a 2012. Hukumar lafiya ta duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da cutar, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe irin namu, amma binciken kusan duk can ake yi, abin da ya sa ma wata ƙungiyar masu bincike ta sa ma kanta suna 10/66, wato ƙasa da kashi 10 na bincike ake yi a inda kashi 66 na masu cutar suke. A Arewa kuwa abin da aka rubuta bai taka kara ya karya ba, fili ne a buɗe.

Ga inda ni ke ganin za ki yi tasiri. Gwajin da muka fi amfani da shi a asibiti tun 1975 aka tsara shi a Amurka, ana ce ma tsoho ya riƙa cire bakwai daga ɗari, ya rubuta jimla, ya faɗi kwanan watan Bature. Tsohuwar da ta sauke Alƙur'ani, ta san yau nawa ga watan Rajab, ta riƙe lissafin adashe a ka, sai ta faɗi wannan gwajin a ce tana da cuta alhali boko ne ba ta yi ba. A Ibadan sun fito da gwajin jera tsinken ashana don waɗanda ba su yi makaranta ba. Wanda zai zauna ya daidaita irin wannan da Hausa ya gwada shi a kan tsofaffinmu ya yi babban aiki.

Kuma ba duk ruɗewa ce cutar mantuwa ba. Ciwon sanyin mafitsara, ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, duk suna ruɗa tsoho kuma suna warkewa, musamman in ruɗewar farat ɗaya ta zo. Kwamitin mujallar Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya kauce ma ko jinkirta kusan kashi 45 na cutar, ciki har da hawan jini da suga da raunin ji da raunin gani da shan taba, abubuwan da kike gani kullum a wajen aikinki.

Ki nemi digiri na biyu a aikin jinya ko lafiyar al'umma a ABU ko Bayero, ki sa bincikenki a kan masu jinya irin Maman Khairat. Sai dai kar ki fara yi ma kowa tambaya sai kin samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku, in babu shi ba mujallar kirki da za ta karɓa. Tallafin TETFund kuma na malaman manyan makarantun gwamnati ne, in kina hangenshi sai kin shiga koyarwa.

Ummi_Nas (Ƙofar Marusa)

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba Malam in sha Allahu ba raba uwa da ɗa za ni yi ba. Na nuna ma maigidana amsoshin, mun tsaya kan in fara neman Bayero tunda Kano ba nisa, na waje sai a digirin dakta in Allah Ya nufa. Anti Maman Khairat na karanta naki sai da na yi hawaye, in na samu izinin kwamiti ina so ke ce farkon wadda zan zauna da ita in kin yarda.

Dakta, shi gwajin ashanar nas na iya koyonshi ta yi a ɗakin marasa lafiya ko sai likita?

Dakta_A (Zariya)

Nas na iya yi sosai, ai don ma'aikatan da ke shiga unguwanni aka tsara shi. Tsinke huɗu ne, ki jera wani fasali ya kalla ya jera irinshi. Amma shi kaɗai bai isa a ce mutum na da cutar ba, dole a haɗa da bayanin wanda ke zaune da tsohon kullum, sannan likita ya duba. Ki turo mani saƙo ta akwati in haɗa ki da wata abokiyar aikina a Kano da ke duba ɗalibai a wannan ɓangaren.