Tupac ko Biggie: da wane ma'auni za a auna su?

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum jama'a. Muhawarar Tupac da Biggie ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, kuma duk majalisar da aka tayar da ita sai ta ƙare a "ni dai wane nake so". Ina roƙon waɗanda suka san gambarar Amurka, wato waƙar rap, ciki da bai su warware mana. A gwanintar waƙa wa ya fi? A abin da suka bari fa? Wanda zai zauna ya saurara da kyau, daga ina zai fara, me zai kasa kunne ya ji?

Mai Faifai:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A fara ware abin da suka yi da hannunsu daga abin da aka harhaɗa bayan ba su, don a nan mutane suke tafka kuskure. Tupac ya fitar da kundi huɗu nasa na kansa yana raye, daga 2Pacalypse Now a 1991 zuwa All Eyez on Me a Fabrairun 1996. Na biyar, wanda ya yi da sunan Makaveli, ya kammala shi amma bai fito ba sai Nuwamba, bayan harbin Las Vegas da ya yi ajalinsa ranar 13 ga Satumba, 1996. Biggie kundi ɗaya tak ya gani a kasuwa, Ready to Die na 1994. Life After Death ya fito ranar 25 ga Maris, 1997, kwana 16 bayan an kashe shi a Los Angeles. Waɗannan bakwai su ne abin awo. Irin su Loyal to the Game na 2004, inda Eminem ya ɗora muryar Tupac kan sabon kiɗa, ko Duets na 2005, inda aka jona Biggie da mawaƙan da suka yi tashe bayan mutuwarsa, ba hujja ba ne. Muryar da aka ɗauka kan wani kiɗa aka mayar da ita kan wani, dole ka ji tana ɗingishi.

Yadda za ka saurara kuwa, ka riƙa ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu tare da kiɗan. Bugu huɗu ɗango ɗaya ke nan, gangar nan mai kaifin sauti tana faɗowa a na biyu da na huɗu, baiti kuma yawanci ɗango 16 ne. To lura da inda ƙafiya take sauka. Biggie ba ya ajiye ta wuri ɗaya. Yau tana ƙarshen ɗango, anjima ta dawo tsakiya, wani lokaci uku a jere cikin ɗango guda, sannan ya yi shiru na rabin bugu kamar ya manta, sai ya cafko kiɗan daidai. Yana ɗan jan ƙafa a bayan bugun da gangan, shi ya sa ake jin kamar hira yake yi a zaune. Saurari "Warning": labari ne na wayar da aka bugo masa da asuba ana gargaɗinsa, kuma shi ne mai bugowa, shi ne mai ɗauka. A "Gimme the Loot" ma muryoyin 'yan fashin biyu duk nasa ne, mutane da yawa sun ɗauka mawaƙa biyu ne. A "Notorious Thugs" ya shiga salon sauri na Bone Thugs-n-Harmony, salon da ba nasa ba, bai kuma ji kunya ba. In dai ƙirar ɗango ake magana, Biggie ne, ba na ko tantama.

'Yar Zazzau:
Malam Mai Faifai, bayaninka ya yi, amma ka auna Tupac da mudun da ba nasa ba. Masu cewa ba shi da dabara su je su ji "If I Die 2Nite" a kundinsa Me Against the World, yadda ya buɗe baitin farko da jerin kalmomi masu farawa da harafi ɗaya. Easy Mo Bee ne ya haɗa kiɗanta, shi ne kuma ya haɗa na "Warning", saboda haka in ana son gwaji na adalci, a jera waɗannan biyu.

Ƙarfin Tupac a murya yake. Yana jan wasalin ƙarshe, yana danna kalmar da yake so ta shiga zuciya, kuma a sutudiyo yakan sake rera ɗangon a kan na farko, murya biyu ko uku a haɗe, shi ya sa take cika kunne. Ba banza ba: ya yi karatun wasan kwaikwayo a makarantar fasaha ta Baltimore, ya kuma fito a fina-finai irin su Juice a 1992. Sannan a dubi abin da ya ɗauko. "Brenda's Got a Baby" kan yarinya 'yar shekara 12 da ta haihu ba mai tallafa mata, lokacin shi kansa shekararsa 20. "Dear Mama" kan mahaifiyarsa Afeni, 'yar ƙungiyar fafutukar baƙaƙen fata ta Black Panther da ta yi zaman kurkuku da cikinsa, bai kuma ɓoye cewa ta faɗa shaye-shaye ba. A 2010 ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka ya sa waƙar cikin sautukan da ake adanawa don tarihi.

Ba zan wanke shi tas ba dai. Mutumin da ya yi "Keep Ya Head Up" yana lallashin mata shi ne kotu ta ɗaure a 1995 kan cin zarafin mace. Gaggawa kuma ta cuce shi. All Eyez on Me waƙa 27 ne a faifai biyu, an yi su cikin ƙanƙanin lokaci bayan fitowarsa a Oktoban 1995, kuma faifai na biyu akwai ciko a ciki. Mai farawa ya fara da Me Against the World.

Baban Sadiya:
Ƙanwata ta yi gaskiya kan ciko, sai dai Life After Death ma waƙa 24 ne, ba kuma duka suka tsira ba. Abin da ba a faɗa ba shi ne rabon masu haɗa kiɗa. "Juicy" a kan kiɗan "Juicy Fruit" na Mtume take, "Big Poppa" a kan na Isley Brothers, "Mo Money Mo Problems" a kan na Diana Ross. Wannan dabarar kamfanin Bad Boy ce, mai fitar da waƙoƙin Biggie: a ɗauko tsohon kiɗan da kunne ya riga ya saba da shi, a ɗora labarin titi a kai, rediyo ta karɓa. Wanda yake son jin Biggie ba kwalliya ya nemi waɗanda DJ Premier ya haɗa, "Unbelievable" da "Kick in the Door".

Batun gado kuwa, Biggie ya bar wa mawaƙa, Tupac ya bar wa jama'a. Jay-Z da Lil' Kim duk an ji hannun Biggie a aikinsu. Amma hoton wa ake gani a shagon aski da bayan bas a garuruwanmu? Na Tupac, da ɗankwalinsa ɗaure ta gaba. Dalilin a fili yake: gwanintar Biggie sai ka ji Turancin titin Brooklyn sosai, shi kuwa Tupac ko ba ka jin kalma ɗaya za ka gane yana fushi ne ko yana kuka. Zauren karrama mawaƙa na Rock and Roll Hall of Fame ya karɓi Tupac a 2017, Biggie a 2020.

Kada kuma a sa "Hit 'Em Up" ta Tupac da "Who Shot Ya?" ta Biggie a sikeli ɗaya. Ta farko zambo ce tsirara ga Biggie, da suna da komai. Ta biyu Tupac ne ya ɗauke ta habaici saboda ta fito watanni kaɗan bayan an harbe shi a sutudiyon Quad a New York, Nuwamban 1994, amma Biggie ya dage cewa tun kafin harbin aka yi ta.

Mai Faifai:
Ƙari ɗaya, Ɗan Kurmi. Kada ka yi gwajin da lasifikar waya, tana cinye ƙasan sauti, muryar Biggie kuma a can take zaune. Sa abin kunne, ka nemi asalin waƙar ba wadda aka tace wa rediyo ba, don inda aka goge kalma sau da yawa nan ƙafiyar take. Ka ji baiti ɗaya sau uku: na farko don labarin, na biyu kana ƙirga bugu, na uku ka lura da inda kowannensu yake jan numfashi.