Kaurin layi da shara-shara ba sa fita idan na buga zane a AutoCAD

Maizane:
Assalamu alaikum. Ina zanen gidan bene ne a AutoCAD, manhajar zane a kwamfuta. Leyar bango (leya ita ce rukunin da ake tara layuka iri ɗaya a ciki) na ba ta kaurin milimita 0.50, ƙofofi da tagogi 0.25, layukan ma'auni kuma 0.18. Inuwar da na zuba a ɗakuna na sa mata shara-shara kashi 60 cikin 100, don rubutu da kayan ɗaki su riƙa fitowa ta ƙarƙashinta. A allo komai ya zauna daidai, amma da na fitar da PDF sai layukan suka zo da kauri ɗaya, inuwar kuma ta rufe rubutun ruf. Da fayil ɗin CTB na ofis nake bugawa, wato fayil ɗin da ke tsara yadda layuka za su fito a bugu. Ta ina zan fara?

Injiniya_Sani:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsala biyu ce, kada ka haɗa su. Ta kauri daga CTB take: yana duba launin layi ne, kuma in an rubuta wa launin nan lamba a ciki, ita ke rinjaye kan abin da ka sa a leya. Buɗe shi, ka zaɓi launuka 255 ɗin gaba ɗaya, ka mayar da kaurinsu "Use object lineweight". Amma a kwafi za ka yi, tunda na ofis ne, sauran zane-zane sun dogara da shi. Ka kuma tabbatar layukan suna kan ByLayer, wato suna bin kaurin leyarsu, musamman waɗanda ka kwaso daga wani zane.

Hajiya_Akitek:
Malam, shara-shara kuwa a kashe take zuwa wajen bugu. Sai ka danna "Plot transparency" a akwatin bugu, ko ka sa saitin PLOTTRANSPARENCYOVERRIDE a kan 2. Da dalili masu AutoCAD suka kashe ta: tana mayar da zanen hoto, fayil ya yi nauyi, bugu ya yi jinkiri, siraran layuka su yi dishi-dishi. Ni ba na son ta a zanen da magina za su riƙe a hannu. Launin toka mai haske nake ba inuwa, in tura ta baya da umarnin HATCHTOBACK, rubutu ya fito tsaf.

Maizane:
Na gode ƙwarai. Kauri ya fito. Sai dai da na rage girman takarda daga A1 zuwa A3, bango ya cushe.

Injiniya_Sani:
A3 rabin A1 ne a tsawo da faɗi, amma 0.50 na nan yadda yake. Kunna "Scale lineweights" a shafin Layout, inda ake shirya takardar bugu, zai koma 0.25. Layin ma'aunin nan na 0.18 zai sauka 0.09, don haka fara gwada takarda ɗaya ka ga ko firintarka za ta iya fitar da shi.