Rubutu da hotunan layin sama suna zamewa in na yanke bidiyo, ku taimaka

Ɗan Birni:
Salamu alaikum ƴan uwa masu montaj, wato yanka da haɗa bidiyo. Ina da aikin biki a hannuna wanda aka yi nan Zango, kuma mai bikin ya matsa min lamba yana son kayansa kamin baƙinsa su koma Maradi. Da Shotcut, manhajar yanka bidiyo, nake aiki don shi ne ordinatar ɗina ke iya ɗauka. Cikin layukan da ake jera bidiyo a kai, a layin ƙasa na sa abin da babbar kamera ta ɗauka, a layi na biyu na ɗora guntayen da yarona ya ɗauka da salula, wajen ɗaurin aure da wajen makaɗa, a na uku kuma sunayen mutane da tambarin shagona. Komai ya zauna daidai, sai mai bikin ya zo ya ce a cire wani wuri tun farko-farko wajen sakan 40, ina cirewa layin ƙasa ya ja baya amma na sama duk suka tsaya inda suke. Yanzu sunan waliyyin amarya yana fitowa ƙarƙashin wani yaro mai raba goro, guntayen salula kuma bakin maroƙi daban maganarsa daban. Guntayen nan suna da yawa, in na ce zan ja su ɗaya bayan ɗaya kwana zan yi. Babu wata dabara da za su riƙa tafiya tare?

Mai Kamera Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka ja komai da hannu tukuna. In ba ka rufe aikin ba danna Ctrl da Z ka koma baya har inda komai yake daidai. Sai ka duba maɓallan da ke saman layukan, kusa da alamar maganaɗisu akwai Ripple, gefensa kuma akwai Ripple All Tracks, wannan na biyun shi kake nema, ka kunna shi. In naka da Faransanci yake sunan zai bambanta amma wurin ɗaya ne. Daga nan in ka tsaga da maɓallin S ka goge da na X duk layukan za su ja baya tare da tsawo ɗaya. Ka lura X da Z ba ɗaya ba ne, Z ɗauke guntun yake ya bar rami a wurin, X ne ke rufe ramin.

Amma fa ka sani ba ja kawai yake yi ba, yanka yake yi a kowane layi. Duk abin da ke saman wurin da ka cire, suna ne ko hoto, shi ma ya tafi. Kuma in ka shimfiɗa kiɗa a ƙasa daga farko har ƙarshe zai gutsure shi a tsakiya ka ji kalangu ya yi tsalle, kunnen mutanen Damagaram kuwa ba ya barin irin wannan ya wuce. Don haka layin kiɗa da na tambarin shago ka sa musu kwaɗo, alamar tana nan a kan kowane layi daga hagu, layin da ke kulle ba ya motsi.

Ɗan Birni:
Yaya Allah ya saka da alheri, na koma baya na kunna kuma wallahi sunayen duk sun bi. Saura abu guda. Akwai wani dogon guntu na salula, wajen wa'azin liman, kusan minti 20 ne, a farkonsa baki da murya daidai suke da na kamera amma kamin a kai ƙarshe sai ya zame kaɗan, ko ban yanke komai ba.

Injiniya Karkada:
Wannan kuma ciwo ne daban Malam, ba na yanka ba ne. Yawancin salula ba sa ɗaukar hoto da gudu ɗaya, a rubuce hoto 30 ne a sakan amma in haske ya ragu ko wayar ta yi zafi sai adadin ya sauka ya sake hawa, kuma ka san rumfar biki da rana tsaka a garin nan yadda waya ke ɗaukar zafi. A guntu na sakan 10 ba za ka gani ba, a minti 20 kuwa dole ya fito. Maganinsa ka maida fayil ɗin mai gudu tsayayye kamin ka ɗora shi. Shotcut da kansa yakan yi gargaɗi in ka jefa masa irin wannan fayil ya ce a juya shi, mutane ne ke danna a'a don sauri. Zaɓi guntun ka shiga Properties ka nemi Convert. Ko ka bi ta HandBrake, manhajar juya bidiyo, kyauta ne shi ma, ka zaɓi Constant Framerate, wato gudu tsayayye, ka sa adadin da ya yi daidai da aikinka, in kamerarka 25 take ɗauka ka sa 25. Fayil ɗin da Shotcut ke fitarwa yana da nauyi sosai, ka tabbata akwai wuri a diski, kuma ka yi shi lokacin da batir ya cika ko kuran ya zauna ba ya yankewa don in ya katse a tsakiya daga farko za ka sake.

Gaba kuma in za ku ɗauka da na'ura biyu, ka sa yaronka ya tafa hannu sau ɗaya a gaban duka biyun bayan kun kunna. A layin sauti tafin yana fitowa tsini guda, ka jera tsinin biyu shi ke nan.

Maman Iman:
Ni dai shawarata ta tsarin aiki ce. Ba na ɗora suna ko ɗaya sai na gama yanke layin ƙasa, na tura wa masu biki ɗan ƙaramin kwafi ta WhatsApp su kalla su ce sun yarda, sannan in hau rubutu da ado. Da CapCut na ordinatar nake yi, can akwai maɓallin haɗi a saman layuka daga dama, in yana kunne rubutu da abin da ka ɗora suna bin guntun da ke ƙarƙashinsu duk inda ka kai shi, in ka goge guntun ma su bi shi, don haka a duba kamin a goge.

Mai Kamera Sabon Gari:
Hajiya maganarki gaskiya ce amma masu bikinmu ko sun ce sun yarda, gobe gwaggon amarya za ta gani ta ce a cire inda take cin abinci, ba yadda za ka yi sai ka cire. Shi ya sa nake cewa ya koyi maɓallin nan da kyau. Ɗan Birni in Shotcut ɗinka na 2024 ne ko sama da haka akwai kuma haɗa guntaye rukuni, ka zaɓi hoton mutum da sunansa ka danna Ctrl da G, in ka ja ɗaya ɗayan ya biyo. Kuma duk sanda za ka yi babban yanka ka ajiye aikin da sabon suna tukuna.

Ɗan Birni:
Na gode muku duka. Na sa wa'azin yana juyawa yanzu, ya kai rabi. Injiniya, sauran gajerun guntayen salular su ma sai na juya su ko in bar su tunda ban ga sun zame ba?

Injiniya Karkada:
Bar su. Wanda ya wuce minti biyu ko uku kuma ana ganin bakin mai magana a ciki, shi kaɗai za ka juya.